Labarin Yaƙi a Bakin Fada: Daga Sarakunan Saba' zuwa Dutse Gadawur

Bahaushe bai san Saba' ta hanyar yaƙi ba. A wurin tafsiri ya san ta, cikin watan azumi, sa'ad da malam ya iso Suratun Namli ya kawo labarin alhudahuda da Annabi Sulaimanu da sarauniyar da malamai suka ce sunanta Bilkisu, sunan da har gobe muke raɗa wa 'ya'yanmu. Ya kuma san ta a surar da aka kira da sunanta, inda aka ambaci gonakin nan biyu na dama da hagu, da ambaliyar da ta cinye su bayan mutanen sun butulce wa ni'ima. Abin da ya fi zama a zuciyar mai sauraro shi ne hankalin matar. Manyan fadarta sun nuna mata cewa su maza ne, a shirye suke. Ita kuwa ta tuna musu abin da sarakuna suka saba yi wa garin da suka shiga da ƙarfi, ta gwammace ta aika da kyauta.

Ba da ka ta yi maganar ba, domin sarakunan da suka riƙe ƙasar bayanta sun bar shaida da hannunsu. A Sirwah, wani kufai da ke yamma da Ma'arib a ƙasar Yaman, cikin harabar ɗakin bautar gunkinsu Almaƙa, akwai wani sassaƙaƙƙen dutse a kwance, tsawonsa ya kusa mita bakwai. An cika fuskarsa da dogayen layuka na rubutun Musnadi, haruffa masu kusurwa, tsaye kyam, kowane an auna shi kafin a sara. Mai dutsen shi ne Karib'ilu Watar, wanda ya riƙe muƙamin mukarrib, shugaban da ya haɗa ƙabilu ƙarƙashin alkawari guda. Masana da yawa suna ganin shi ne Karibilu sarkin Saba' da Sennakerib na Assuriya ya rubuta cewa ya aiko masa da duwatsu masu daraja da turare wajen shekara ta 685 kafin Miladiyya. A 2005 Jamusawa masu tonon kufai suka gano wani dutsen irinsa a cikin harabar, na magabacinsa Yisa'amar Watar, wanda shi ma ake dangantawa da mutumin Saba' da ya aika wa Sargon na Biyu gaisuwa wajen 715.

Yaƙi takwas Karib'ilu ya lissafa. Mafi girma shi ne na Ausan, wata daula a kudu da ke takara da Saba' kan hanyar fataken lubban da mur. Dutsen ya ce an kashe mutum 16,000, an kama 40,000, an ƙone garuruwa, an rushe fadar sarkinsu Muratta', an raba ƙasar tsakanin Saba' da ƙawayenta Ƙataban da Hadramaut. Sai wani abu da mai karatu kan iya tsallakewa in bai lura ba: Karib'ilu ya sa an cire rubuce-rubucen da ke fadar Ausan da ɗakunan bautarta. Ƙwace ƙasa da mutane bai ishe shi ba, sai da ya ƙwace bakin da za su ba da labarinsu da shi. A arewa kuma, cikin kwarin Jauf, ya yi wa Nashshan ƙawanya shekara uku, ya rushe ganuwarta, ya ɗora mata haraji, ya zaunar da mutanensa a cikinta, ya tilasta a gina wa Almaƙa ɗaki a tsakiyar gari.

Wannan dutse tsohon misali ne na wani nau'in zance da mu ma muke da shi, wato labarin yaƙin sarki kamar yadda fada ke bayar da shi. Siffofinsa ba su da wuyar ganewa. Ana farawa da sunan sarki da na ubansa, a jingina nasara ga abin bauta, a jero garuruwan da aka ci, a kawo adadi mai cika baki, a rufe da ganima. Garin da aka kai wa yaƙi suna ne kawai a cikin jerin. Ba ya magana, ba a jin dalilinsa, ba ya ma bayyana sai ranar da dawakin sarki suka tsaya a ƙofarsa. Na ɗauko Saba' ne domin nisanta yana barin mutum ya ga tsarin sarai, kishin gida bai rufe masa ido ba. Wanda ya gan shi a can, in ya waiwayo gida, zai tarar cewa a rubutaccen tarihin ƙasar Hausa Dutse ta daɗe tana zaune a mazaunin Ausan da Nashshan.

Babban madogararmu kan wannan yanki kafin jihadi shi ne Tarihin Kano, kundin Larabci da ya jero sarakuna 48 daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. H. R. Palmer ya fitar da shi da Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Murray Last da John Hunwick sun kawo hujjar cewa a fadar Kano aka haɗa shi a ƙarshen ƙarni na 19, daga tsofaffin jerin sunaye da waƙoƙi da kirari da abin da dattawan fada suka riƙe a ka. Tafiyarsa ɗaya ce tun daga farko: sunan sarki, sunan uwarsa, halinsa, jarumansa da kirarinsu, inda ya kai yaƙi, abin da aka fara gani a zamaninsa, shekarun da ya yi. Mai neman tarihin Gaya ko Rano ko Ƙaraye ko Dutse dole ya bi ta nan, ya tsinci garinsu a ƙarƙashin kofatan dawakin Kano.

Dutse ta fito fili a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1438 zuwa 1452. Kundin ya ce ya fita ya yi sansani a Kudu, wadda ake ɗauka Birnin Kudu ce, sama da shekara guda, har Galadima Dawuda ya ce masa ya koma gida, shi zai ƙarasa aikin. Bayan ya koma sai ya aika Dutse neman aure, ya zama sarkin Kano na farko da ya auri 'yar Sarkin Dutse, da ta Sarkin Shira, da ta Sarkin Rano. Marubucin ya kawo wannan ne don ya ƙara wa sarkinsa ado. Amma mutumin Dutse da ya tsaya a kan jimlar zai fitar da abin da ba a yi niyyar ba shi ba. Tun tsakiyar ƙarni na 15 akwai sarki a Dutse, kuma sarautar ta kai a nemi surukuta da ita. Burja ne aka ce ya buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja, shi ne kuma ya fara kai wa Barno gaisuwa. Wanda yake son ayarinsa ya wuce gabas lafiya yana buƙatar amincin masu duwatsun da ke kan hanya, kuma a wancan zamani da aure ake ƙulla irin wannan amana.

A shafin nan ne aka ce Galadima Dawuda yana yaƙi a kudu yana aiko wa sarki bayi dubu duk wata biyu, har ya kafa garuruwa 21, kowane da bayi dubu. Dubu cif, babu ɗaya a sama babu ɗaya a ƙasa, daidai da 16,000 da 40,000 na Sirwah. Babu wanda ya bi fagen fama da alƙalami yana ƙirga gawa. Irin wannan adadi kirari ne, kuma kuskure ne a kwafe shi cikin littafin makaranta a matsayin ƙidaya. Amma wanda ya watsar da shi gaba ɗaya shi ma ya yi asara, don akwai gaskiyar da yake ɗauke da ita: an kwashe mutane masu ɗimbin yawa daga gidajensu, an zaunar da su suna yi wa wasu noma, fada kuma tana ganin hakan abin alfahari ne da ya kamata a adana. Mutanen nan suna da iyaye da sunaye da garuruwa. Ba a rubuta sunan ko ɗaya ba, kuma ba na jin daidai ne mu karanta wurin da murya irin ta sanƙira, mu wuce.

Inda labarin Dutse ya fi kauri shi ne zamanin Sarkin Kano Kumbari, 1731 zuwa 1743. Kundin ya ce ya kai wa Dutse yaƙi lokacin Ada Gwauro, ya matsa ƙwarai har saura ƙiris ya shiga garin, sai mashawartansa suka hana shi, suka nuna masa cewa ai ya riga ya yi nasara, ya koma gida. Ya ji maganarsu ya juya. Aka ƙara da cewa a wannan yaƙi aka kashe Sarkin Aujara Bugau. Iyakar abin da aka faɗa ke nan.

A tuɓe wa maganar ado a ga abin da ya rage. Sarkin Kano ya fito da kansa, ya isa Dutse, bai shiga ba, ya rasa ɗaya daga cikin manyansa, ya koma, ba a kuma ce an kama Ada ko an tuɓe shi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Garu, unguwar fadar Dutse, ya ɗaga kai ya ga yadda manyan duwatsu suka hau kan juna suka rungume unguwar, da 'yan matsattsun hanyoyin da ke ratsa tsakaninsu, inda mutum biyu ba sa jerawa sai ɗaya ya goga kafaɗa da fa, ba sai an gaya masa abin da ya tsayar da Kumbari ba. Ƙarfin Kano doki ne, doki mai lifidi kuwa fili yake so. A irin wannan wuri maharbi da kwarinsa a saman dutse ya fi tarin barade amfani. Fada ba ta iya rubuta cewa sarki ya kasa, sai ta ce an ba shi haƙuri.

Dabarar ta sake fitowa a zamanin Sarkin Kano Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, da ya kai wa Birnin Auyo hari: nan ma an ce da ba don wasu manya ba, da Kanawa sun shiga garin. Ita kanta Saba' ta taɓa zama a wannan mazauni. A shekara ta 25 zuwa 24 kafin Miladiyya, Agustus sarkin Rum ya tura Aliyus Gallus, gwamnansa na Masar, da runduna ta kusan mutum 10,000 don ya kama ƙasar turare. Suka sha wuyar hamada, suka isa wani birni da ake ɗauka Ma'arib ne, suka yi masa ƙawanya kwana shida, ƙishirwa ta kore su. Istirabo, marubucin da ya ba da labarin, abokin Gallus ne, sai ya ɗora laifin a kan ɗan jagora, wani waziri na Nabatawa, wai shi ya ɓatar da su da gangan. Agustus kuwa, a rubutun ayyukansa da ya bari aka sara a jikin bango, ya ce rundunarsa ta kutsa ƙasar Saba' har Ma'arib, ta karkashe abokan gaba, ta ci garuruwa. Bai ambaci komawar ba. Duk inda ka ga "saura ƙiris" a labarin fada, ka nemi garin da ya tsaya da ƙafarsa.

Sai dai Tarihin Kano ya fi dutsen Sirwah da abu guda, kuma adalci ne a faɗa. Karib'ilu shi ya sa aka sara nasa yana raye, babu mai cewa uffan. Kundin Kano kuwa an haɗa shi ne bayan sarautar Haɓe ta wuce, don haka marubucin yana da 'yancin ya faɗi aibin mutanen da yake yabo. Shi ne ya gaya mana cewa Sharefa, uban Kumbari, ya ƙirƙiro hanyoyi bakwai na karɓar kuɗi daga talakawa. Shi ne ya ce Kumbari ya matsa wa Kasuwar Kurmi da haraji har ta kusa mutuwa, ya karɓa har a hannun malamai, Larabawa suka kwashe suka koma Katsina, talakawa suka watsu ƙauyuka. Bai faɗi dalilin yaƙin Dutse ba. Amma ya ajiye labarin harajin da labarin yaƙin a babi ɗaya, kuma a ganina wanda ya haɗa su bai yi wa nassin ƙarfa-ƙarfa ba. Kafin wannan, a zamanin Sarkin Kano Dadi, Sarkin Gaya ya yi shekara uku bai kai haraji ba, aka yaudare shi aka kashe. Gabashin Kano ya daɗe yana jan wuya, kuma yawanci kan kuɗi ne.

To, me Dutse ke cewa da bakinta? Ruwayar gida ta fara ne da wani maharbi Babarbare, Duna-Magu, wanda ya sami wurin cike da gada, daga nan aka ce Dutse Gadawur. A wannan ruwaya Ada ba suna ne da ke ratse a labarin wani ba. Bafulatani ne da ya karɓe sarauta wajen 1732, ya tattara garuruwan kewaye a hannunsa, garin ya bunƙasa cikin ganuwa mai ƙofa goma sha biyu. Wasu daga sunayen ƙofofin, irin su Galamawa da Kaci da Zai da Maranjuwa, har yau sunayen wurare ne da ɗan acaɓa zai kai ka ba tare da tambaya ba. Wannan shaida ce mai ƙarfi, domin sunan wuri ba ya neman tukuici a wurin kowa.

An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma haka ne. Amma kada daɗin ya sa mu manta cewa ruwayar Dutse ita ma a fada ta girma. A tsaya a bakin hanya ranar hawan sallah a saurara da kyau. 'Yan bindiga sun wuce da hayaƙinsu, 'yan lifidi da 'yan sulke sun biyo, kakaki na kiran sarki, algaita na bin bayan kowane hakimi. Maroƙi na gefen doki, jijiyar wuyansa a tashe, yana jero kakannin mai dokin ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsallake kowa, yana maƙala wa kowane sunan garin da ya ci ko abokin gabar da ya kora. A cikin wannan ihu akwai dukiya: jerin sarauta da aka riƙe ba takarda, sunayen garuruwan da suka zama kufai, tsofaffin gabar da ta bayyana dalilin da ya sa gida kaza ba ya aure a gida kaza. Amma ka kasa kunne har rana ta faɗi, ba za ka ji an ambaci ranar da aka kori ubangidan maroƙin ba. Sana'arsa ba ta ba shi wannan dama ba, ba kuma laifinsa ba ne. Laifin na mai nazari ne in ya ɗauki kirari ya juye shi cikin takardar digiri bai tambayi kowa a gefe na biyu ba.

Akwai wata ƙofar da Yaman ta shigo mana, kuma tana da jan hankali. Duna-Magu daga Barno aka ce ya fito, sarakunan Barno na gidan Saifawa, da suka yi mulki har 1846, sun ce su jikokin Saifu bin Zi Yazan ne, gwarzon da ya kori Habashawa daga Yaman da taimakon Farisawa a ƙarni na 6. Bolawan Fika ma Yaman suke nunawa. Da'awar tsohuwa ce. A 1391 Mai Usman bin Idris ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa yana ƙarar Larabawan da ke kama mutanensa Musulmi suna sayarwa, ya kafa hujja da cewa su zuriyar Saifu ne, Baƙuraishe. Alƙalƙashandi, magatakardan da ya adana wasiƙar, ya lura nan take cewa akwai kuskure, domin Saifu mutumin Himyar ne, ba Ƙuraishu ba. Abdullahi Smith, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya nuna cewa malaman fadar Kanem ne suka samo wannan nasaba daga littattafan Larabci, don su sama wa sarkinsu gurbi a cikin duniyar Musulmi. Wasiƙar kanta ta nuna amfaninta: nasaba garkuwa ce a zamanin da ake sayar da wanda ba shi da ita.

Su kansu Larabawa abin da suka riƙe game da sarakunan Yaman ya yi nisa da abin da ke kan duwatsu. Daular Himyar ta haɗiye Saba' wajen ƙarshen ƙarni na 3, daga baya littattafai irin su Kitabut Tijan suka cika da sarakunan Tubba'u masu kai yaƙi har Samarƙandi da Sin da Magrib. Yaƙe-yaƙen Karib'ilu na gaskiya kuwa suka ɓace daga bakin mutane, sai a ƙarni na 19 da matafiya irin su Arnaud da Halévy da Glaser suka kwafo rubutun aka karanta. Ibn Khaldun, a farkon Muƙaddima da ya rubuta a 1377, da labarin Tubba'u ya buga misali. Ya auna nisan tafiyar, ya tambayi inda runduna za ta sami abinci da ruwa, da yadda za ta ratsa ƙasashen wasu sarakuna ba a ji ɗuriyarta ba, ya ce labarin ba shi da tushe. Na kawo shi ne saboda masu ganin cewa tuhumar ruwayar fada ɗabi'ar 'yan boko ce. Alƙali ne Bamalike ya koya mana ita, shekaru sama da sittin kafin Burja ya aika Dutse neman aure.

Ƙarni na 19 bai sauya tsarin ba, masu riƙe alƙalami kawai ya sauya. Jihadi ya kawar da Sarki Alwali daga Kano wajen 1807, a Dutse kuma Salihi da Musa, shugabannin Jalligawa da Yalligawa, suka karɓi gari, sarautar ta zauna a zuriyarsu ƙarƙashin Kano. Daga nan Dutse da Birnin Kudu suka zama bakin daga. Malam Hamza ya bar Tsakuwa a shekarun 1840 kan rikicin haraji, ya shige duwatsun Ningi, magadansa suka shekara da shekaru suna kai hari kudu maso gabashin Kano, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya riƙa zama a Takai don ya tare su. A bakin Kano Ningawa maɓarnata ne, kuma ƙauyukan da aka ƙone suna da haƙƙin faɗin haka. Amma da wuya ka ji an tuna cewa malamai ne suka kafa abin, kuma kan kuɗin ƙasa aka faro. Haka Buhari na Haɗejiya, wanda ya ƙi tuɓewar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya yi masa, ya karya rundunar da aka tura masa, ya riƙe gari har rasuwarsa a 1863. Ɗan tawaye ne a takardun Sakkwato, gwarzo ne a Haɗejiya, a garuruwan gabashin Kano da dawakinsa suka bi ta kansu kuma tashin hankali ne. Duka ukun gaskiya suka faɗa gwargwadon inda suke tsaye.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni, sarkinta ya tashi daga hakimin Kano ya zama sarki mai sanda. Marigayi Nuhu Muhammadu Sanusi ya riƙe sarautar daga 1995 zuwa 2023, ɗansa Hamim ya gaje shi. Tun 2011 akwai jami'ar tarayya a garin. Yanzu Dutse tana da fada mai cin gashin kanta da malamai da maɗaba'a, tana iya rubuta tarihinta ba ta jira Kano ba. Ina murna da haka ƙwarai. Tsorona ɗaya ne: kada garin da ya sha zama suna a jerin wani ya juyo ya mai da Kiyawa da Jahun da Miga da Buji da Gwaram da Birnin Kudu sunaye a nasa jerin. Waɗannan garuruwa ba a ƙarƙashin Dutse suka taso ba. Wasunsu tsararrakinta ne a gaban Kano, da sarakunansu da tamburansu. Tarihin masarauta da zai fara da Duna-Magu ya bi gidan sarauta ɗaya har yau, ya riƙa ambaton sauran a matsayin gundumomi, dutsen Karib'ilu ne aka sake sarawa da Hausa.

Abin da ya fitar da Nashshan da Ausan daga bakin Karib'ilu ƙasa ce. Da aka tona kufan Nashshan a Sauda, sai ga ɗakunan bauta da ginshiƙai masu zane da sunayen sarakunanta da rubutunsu na kansu. Ausan da aka ce an shafe ta ta sake tashi bayan ƙarnuka, gumakan sarakunanta na farin dutse suka ƙare a gidan tarihi na Adan. Yaƙin Yaman na yanzu ya ratsa ta Sirwah, shi ya sa a Janairun 2023 UNESCO ta sa kufan Saba' cikin kayan tarihin duniya, ta kuma sa su cikin waɗanda ke fuskantar haɗari a lokaci guda. Namu ba bom ke cin su ba. Gini ne da fasa dutse da noma ke cinye ganuwa kaɗan-kaɗan. A Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu a jikin kogo da duwatsun kiɗa waɗanda Bernard Fagg ya yi nazari a shekarun 1950. Mutanen da suka yi su ba sa cikin jerin sarakunan kowa. Akwai tsofaffin rijiyoyi da marina da maƙera, akwai gonakin dabino da aka gada kaka da kakanni, akwai takardun gado da na filaye a gafakar gidajen malamai da alƙalai. Waɗannan ne za su faɗi abin da mutane ke ci da abin da suke biya a shekarar da Kumbari ya zo.

Aujara yau tana cikin ƙaramar hukumar Jahun, Jahun kuwa tana cikin masarautar Dutse. Sarkinta Bugau ya mutu ne a yaƙin da Kano ta kai wa garin da yanzu jikokin mutanensa ke zuwa yi wa gaisuwar sallah. Kundin Kano ya ba shi jimla ɗaya. A tarihin da fadar Dutse za ta rubuta, a sahun mahara zai faɗo. Ɗalibin da ke son ya san ko wane ne shi, da abin da ya fitar da shi daga gida, da yadda mutanensa suka ji da labarin ya iso, ba Kano zai je ba, ba kuma Garu ba. Aujara zai nufa, ya nemi gidan sarauta da gidan makaɗa da gidan liman, ya zauna da tsofaffin matan da suka riƙe waƙoƙin daka da na niƙa, ya rubuta abin da kowane gida ya ce daban, da sunan gidan da ranar da aka faɗa masa.